Fim ɗin yarinyar da ta yi ƙaryar ciwon ajali: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin aikin jarida ne. A darasin ɗa'ar aiki malaminmu ya ambaci wani tsohon fim ɗin barkwanci na Amurka, wai wata yarinya ta ce ciwon ajali ya kama ta, wata jarida ta ɗauke ta ta mai da ita tauraruwa, daga baya aka gane lafiyarta ƙalau. Wane fim ne? Jaridun lokacin sun taɓa yin irin haka da gaske? Kuma wa fim ɗin ya ɗora wa laifi, yarinyar ko ɗan jaridar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fim ɗin da malaminku yake nufi shi ne Nothing Sacred, wanda ya fito a watan Nuwamban 1937. William Wellman ne darakta, David O. Selznick ne furodusa. Ben Hecht ya rubuta shi, bayan ya ɗauko ƙashin labarin daga wani gajeren labari na James Street. Carole Lombard ce ta fito a matsayin yarinyar, Hazel Flagg, Fredric March kuma ya fito a ɗan jarida Wally Cook. Gajeren fim ne, bai cika awa ɗaya da minti 20 ba. Yana cikin zubin barkwancin da Amurkawa ke kira screwball, wanda ya yi tashe daga 1934 zuwa farkon shekarun 1940. A irin waɗannan finafinai namiji da mace suna son juna amma ta cacar baki da rigima suke nunawa, ana magana da sauri ba numfashi, al'amura kuma suna ta cakuɗewa.

Game da mai laifi, a ganina fim ɗin bai wanke kowa ba, amma kaso mafi nauyi ya ɗora shi ne a kan mutanen gari, masu sayen jaridar da manyansu. Sai ka bi labarin tukuna za ka ga yadda aka yi hakan.

Da ƙarya aka buɗe fim ɗin tun kafin a ga Hazel. Jaridar Morning Star ta birnin Niyok ta shirya babbar liyafa don karrama wani mutum da aka ce sarki ne daga wata ƙasa ta gabas, wanda ya yi alkawarin zuba dukiya a gina katafariyar cibiyar al'adu da sunan jaridar. Wally ne ya samo shi. Manyan gari sun cika zaure, edita Oliver Stone yana tsaye yana zuba jawabi, sai ga wata mata ta shigo da 'ya'yanta, ta nuna mai rawanin ta ce ga mijinta nan. Ashe mai goge takalmi ne a cikin garin. Hukuncin da edita ya yanke wa Wally shi ne ya mai da shi teburin rubuta sanarwar mutuwa, a wani lungu da kowa ke bi ya bangaje shi. Ka riƙe wannan, don shi ne mabuɗin halin Wally a sauran fim ɗin: mutum ne da aka wulaƙanta, yana neman labari ɗaya tak da zai dawo masa da martabarsa.

Ya same shi a wani ɗan guntun rahoto: wata budurwa a garin Warsaw na jihar Vermont, ma'aikaciyar kamfanin agogo, gubar sinadarin radiyam ta shiga jikinta, saura mata ɗan lokaci a duniya. Ya roƙi edita har ya yarda, ya hau jirgin ƙasa. Abin da ya tarar a Warsaw yana daga cikin abubuwan da suka bambanta wannan fim da sauran. Shekara ɗaya kafin nan, a 1936, Frank Capra ya yi Mr. Deeds Goes to Town, inda jaruminsa shi ma daga wani ƙauyen Vermont ya fito, mutumin kirki mai tsarkin zuciya da 'yan birni da 'yan jarida suka so su cuta. Hecht bai yarda da wannan rabon ba. Mutanen Warsaw ɗinsa masu murtuke fuska ne, duk abin da aka tambaye su amsarsu “i” ko “a'a”, suna tsoron ɓata wa kamfanin da ya mallaki garin rai, kuma ko tsayuwa ka yi a kantinsu sai sun nemi ka biya. Wally yana tafiya a bakin titi, wani ƙaramin yaro ya fito daga gida a guje ya gartsa masa cizo a ƙafa ya koma. Babu wanda ya bayyana dalili. Saƙon dai shi ne, kada mai kallo ya sa ran gaskiya za ta zo daga ƙauye ta gyara birni.

A daidai wannan rana likitan garin, Dokta Enoch Downer, ya gaya wa Hazel cewa kuskure ya yi a gwajin farko, ba abin da ke damunta. Maimakon murna sai ta fashe da kuka, domin kuɗin da kamfani ya ware mata ta je ta ga Niyok kafin ta mutu sun tafi ke nan, za ta ƙare rayuwarta a Warsaw. Tana fitowa tana hawaye ta yi karo da Wally. Ya ga hawaye, ya fassara su yadda yake so, ya yi mata tayin tafiya Niyok a aljihun jarida. Ta yi shiru ta karɓa. Likitan ma ya biyo su, don yana da tsohuwar ƙullalliya da Morning Star a kan wata gasar rubutu da ya shiga shekaru da yawa baya, yana ganin an danne masa kyautarsa.

Nan ne nake so ka tsaya, tunda aikin da kake koyo ke nan. A wannan mataki Wally bai ƙirƙiri komai ba. Ya yarda da gaske cewa yarinyar mutuwa za ta yi, har daga baya ya kamu da sonta yana cikin baƙin cikin rabuwa. Laifinsa shi ne cinikin biri a sama. Bai nemi takardar gwaji ba, bai nemi likita na biyu ba, majiyarsa ɗaya ce, likita mashayi wanda ya fito fili ya ce ya tsani 'yan jarida. Mutumin da sarkin bogi ya kunyata kwanan nan ya sake faɗawa rami iri ɗaya, saboda bincike zai iya kashe masa labari, shi kuwa labarin ne kaɗai hanyarsa ta barin teburin sanarwar mutuwa. Yawancin ƙaryar da ke shiga jarida ta wannan ƙofa take shiga. Masu zama su ƙirƙiro labari daga babu ba su kai yawan masu jin labarin da ya yi musu daɗi su ƙi yin tambaya ta biyu ba.

Daga isarsu Niyok fim ɗin ya juya kyamararsa kan jama'a. Magajin gari ya miƙa wa Hazel makullin birni. A filin kokawa na Madison Square Garden aka tsayar da wasa aka yi shiru don girmama ta, 'yan kokawar da ke murɗe juna suka miƙe suka sunkuyar da kai, ana gamawa suka koma murɗe-murɗensu. Mawaƙi ya rubuta mata waƙa, 'yan makaranta suka zo har ɗakinta suna rera mata, ita kuwa kanta na sarawa saboda giyar daren jiya. A tsakiyar wannan karramawa kyamara ta nuna mai sayar da kifi yana naɗe kifi da shafin jaridar da ke ɗauke da fuskarta.

Wurin da ya fi kowanne kaifi shi ne na gidan rawa. An shirya wasa na musamman a kan jaruman mata na tarihi, 'yan rawa suna fitowa a kan dawakai ɗaya bayan ɗaya, mai gabatarwa yana magana da murya mai rawa kamar zai yi kuka. A tebura mutane sun ci sun ƙoshi, suna share ƙwalla suna satar kallon Hazel, wadda ke ta kurɓar giya. Aka kira ta kan dandamali a matsayin jarumar wannan zamani. Ta hau tana tangaɗi, ta yanke jiki ta faɗi. Zaure ya ɗauki salati irin nasu, masu hoto suka yi caa. Edita Stone ya matso kusa da likita ya ce ya gaya masa gaskiya komai ɗacinta, domin nan da 'yan mintoci za a fara buga jarida. Abin da fim ɗin ya gani a nan, wanda ni ma na yarda da shi, shi ne cewa babu ɗaya daga cikin masu kukan da yake son Hazel ta warke. Mutuwarta suka saya, kuma sun ƙagu a ba su kayansu. Har edita ya fara damuwa da cewa ta daɗe ba ta mutu ba, alhali an riga an tsara jana'iza ta ƙasaita. Daga baya Wally da kansa ya gaya mata cewa kada ta ji tausayinsu, ta ba su damar jin cewa su mutanen kirki ne, kuma abin da suka biya ke nan.

Asiri ya tonu ne lokacin da aka kawo wani ƙwararren likitan radiyam daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Dokta Eggelhoffer, da abokan aikinsa. Suka duba ta, suka ɗauki hoton ƙashi, suka ce lafiyarta garau. Gwajin da ya kamata a yi kafin a buga layi ɗaya ke nan, an yi shi bayan an cika gari da kuka. To me ya biyo baya? Jarida ba ta fito ta nemi afuwa ba. Edita ya fara neman hanyar rufa-rufa. Da manyan gari da shugabannin ƙungiyoyi suka ji gaskiya daga bakin Hazel, su ne suka fi kowa dagewa kada a faɗa, don kowa ya riga ya jingina sunansa da ƙungiyarsa a kan labarinta, tonuwarta tonuwarsu ce. Aka shirya cewa ta bar wasiƙa ta tafi ta mutu ita kaɗai inda ba wanda zai gan ta. Gari ya yi makoki, ita da Wally suka yi aure suka hau jirgin ruwa suna ɓoye fuska da baƙin tabarau. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaryar yarinya ɗaya ce da farko, amma a ƙarshe birni guda ne ya zaɓi ya riƙe ta.

Sai tambayarka ta biyu, ko jaridu sun yi haka da gaske. Sun yi abin da ya fi haka. Ben Hecht ba daga nesa ya hango ba. Ya shiga jaridar Chicago Journal a 1910 yana ɗan shekara 16 ko makamancin haka, kuma aikinsa na farko shi ne samo hotunan waɗanda aka kashe ko suka shiga abin kunya, ko da ta hanyar shiga gidan makoki ya zare hoto daga bango. A littafin tarihin rayuwarsa ya faɗi da bakinsa cewa sun taɓa haƙa rami a wani wurin shaƙatawa suka ɗauki hotonsa a matsayin shaidar girgizar ƙasa. Shi da Charles MacArthur suka rubuta wasan kwaikwayon The Front Page a 1928, wanda har yau shi ne uban labaran ɗakin labarai na Amurka.

Niyok ɗin da fim ɗin ke zolaya kuwa birnin ƙananan jaridu ne masu manyan hotuna da manyan kanu. Daily News ta fara fita a 1919, Daily Mirror ta William Randolph Hearst da Evening Graphic ta Bernarr Macfadden suka biyo a 1924, suka shiga gasar wa zai fi girgiza mai karatu. Graphic ta shahara da haɗa hotunan bogi: a sa 'yan wasa su tsaya, a ɗauke su, a liƙa musu fuskokin mutanen da ake labari a kansu. Bayan mutuwar jarumi Rudolph Valentino a 1926 har hotonsa ta buga wai yana ganawa da mawaƙi Enrico Caruso a lahira. A watan Janairun 1928, da za a zartar wa Ruth Snyder hukuncin kisa a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing, Daily News ta shigar da mai hoto Tom Howard da ƙaramar kyamara ɗaure a idon sawunsa, washegari hoton matar a lokacin fitar ranta ya cika shafin farko. Mai kallon 1937 ya san duk wannan, shi ya sa dariyarsa ta bambanta da tamu. Shi ne ya sayi waɗancan jaridu.

Akwai kuma abin da ke sa ni kallon fim ɗin da nauyin zuciya, kuma ina so kai ma ka san shi. Ciwon da Hazel ta ara ciwo ne na gaske, na mata na gaske. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ake ɗaukar 'yan mata aikin shafa fenti mai radiyam a fuskar agogo don lambobin su riƙa haske cikin duhu, a Orange ta jihar New Jersey, da Waterbury ta Connecticut, da Ottawa ta Illinois. An koya musu su riƙa lasar bakin buroshi don ya yi tsini, an kuma ce musu fentin ba ya cutarwa. Radiyam yana zama a cikin ƙashi. Haƙoransu suka fara zubewa, muƙamuƙinsu ya ruɓe, ƙasusuwa suka riƙa karyewa. A 1927 Grace Fryer da wasu mata huɗu suka kai kamfanin United States Radium ƙara. Jaridu suka yi ta kiransu matan da mutuwa ke jira, suna ƙirga musu kwanaki, daidai yadda Morning Star ta yi wa Hazel. Amma adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren: lokacin da aka yi ta jan shari'ar alhali matan suna ƙarewa, sharhunan Walter Lippmann a jaridar New York World suna cikin abin da ya tayar da hankalin jama'a, har aka sasanta a 1928, aka ba kowacce dala 10,000 da dala 600 duk shekara da kuɗin magani. Hayaniyar jarida ta ci da su, ta kuma taimake su. Watanni kaɗan bayan fitowar fim ɗin, a 1938, Catherine Donohue ta Ottawa ta ba da shaida tana kwance a gida don ba ta iya zama, ta yi nasara, ta rasu a watan Yulin shekarar. Fim ɗin bai ce komai a kan waɗannan mata ba. Bai kuma nuna wanda ke biyan bashin ƙarya irin ta Hazel ba, wato mara lafiya na gaba da zai zo da gaskiyarsa a ƙi yarda da shi. Wannan giɓi ne babba, kuma kai da za ka yi aiki a zamanin da hoton mara lafiya da lambar asusu ke yawo a Facebook da WhatsApp, giɓin ya shafe ka kai tsaye. Kafin ka buga, ka je asibitin, ka ga likitan da ke duba shi. Yin hakan kariya ce ga mai gaskiya.

Wasu abubuwa biyu ma za su tsaya maka a rai. Yadda aka nuna baƙar fata a fim ɗin, musamman mai goge takalmin nan da Troy Brown ya fito a matsayinsa, zubin raini ne irin na Holiwud ta lokacin, kuma Hattie McDaniel, wadda ta fito a matarsa, 'yan daƙiƙu kawai aka ba ta, ita da bayan 'yan shekaru ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar. Na biyu shi ne wurin dambe. Bayan Wally ya san gaskiya, don a yaudari likitoci su ɗauka nimoniya ta kama Hazel, Wally ya tsokane ta da faɗa don ta yi gumi jikinta ya yi zafi, a ƙarshe ya kai mata naushi ta suma. Da ta farfaɗo ta rama, shi ma ya zube. Masana fim sukan danganta irin wannan da dokar tace finafinai da aka tsaurara a Holiwud daga watan Yulin 1934, wadda ta taƙaita nuna sha'awa a fili, sai marubuta suka mai da zafin soyayya ya koma faɗa. Bayanin daidai ne, amma bai sa naushin ya zama abin dariya a wurina ba.

Ƙarshen fim ɗin ya fi farkonsa laushi, kuma akwai dalili. Hecht ya bar aikin kafin a kammala, bayan saɓani da Selznick a kan John Barrymore, wanda Hecht ya so a ba shi rawa a fim ɗin Selznick ya ƙi saboda shaye-shayensa. Wasu marubuta suka ƙarasa ba tare da an sa sunayensu ba, ciki har da Ring Lardner Jr. da Budd Schulberg. Abin da ya riƙe fim ɗin duk da haka shi ne Carole Lombard. Ta sa Hazel ta zama maƙaryaciyar da ba za ka iya tsana ba, domin kana ganin kunya da tsoro suna cin ta a kowane wurin karramawa, ita kaɗai ce a garin da lamirinta ke damunta. Wannan ne kaɗai cikakken fim mai kala da ta yi. Ta rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Las Vegas a watan Janairun 1942, tana da shekara 33, a hanyar dawowa daga gangamin tara kuɗin yaƙi.

Idan malaminku ya nemi misali na kusa, ka duba abin da ya faru da jaridar Washington Post. A 1980 ta buga labarin Janet Cooke a kan wani yaro ɗan shekara 8 da ya kamu da shan hodar heroin. Hukumomin birnin suka neme shi ba su same shi ba, wasu a cikin ɗakin labarai suka yi shakka, duk da haka jaridar ta miƙa labarin gasar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, ya ci a 1981. Cikin 'yan kwanaki aka tabbatar babu yaron, aka mayar da kyautar. Bambancin da Morning Star shi ne Post ta fito ta bayyana yadda abin ya faru dalla-dalla.

Samun fim ɗin ba wuya, don ba a sabunta haƙƙin mallakarsa ba, yana nan kyauta a intanet. Sai dai yawancin kwafin da ke yawo sun koɗe, kalar ta koma ruwan ƙasa, sauti yana shaƙewa. Ka nemi wanda aka gyara, wanda shuɗin sama da launin gashin Lombard suka fito sosai a cikinsa, ka kuma kunna rubutun ƙasa, don Turancinsu na da sauri da karin maganar 'yan jaridar lokacin. In ka gama, ka haɗa da His Girl Friday na 1940, wanda Howard Hawks ya gina a kan The Front Page, sannan Ace in the Hole na Billy Wilder, 1951, inda ɗan jarida ya jinkirta ceton mutumin da kogo ya rufta wa don labari ya daɗe a shafin farko. Wannan na ƙarshen ba barkwanci ba ne, mutumin mutuwa ya yi.